Shirin zuwa duwatsun Colorado daga Legas a watan Satumba

Kada ka sayi tikiti sai ka tabbatar da maganar biza, domin ƙa'idojin Amurka suna yawan sauyawa. Daga filin jirgin Murtala Muhammed za ka sauka Atlanta, ka canza jirgi zuwa Denver, babban birnin jihar Colorado.

Lokacin da ya fi kyau shi ne tsakiyar Satumba zuwa ƙarshenta, sa'ad da ganyen itatuwan aspen ke komawa ruwan ɗorawa. A lokacin, shiga gandun dajin Rocky Mountain kan buƙaci a kama gurbi ta intanet tun da wuri.

Babbar matsalar mutumin Legas ita ce tudu. Jikinka ya saba da bakin teku, ga Denver tana mita 1,609, hanyar Trail Ridge da ke ratsa gandun kuwa ta haura mita 3,700. Iskar can ba ta ƙosar da huhu, shi ya sa ake samun ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Kwana biyu a Denver kafin ka hau. Sha ruwa kamar lita 3 a yini. In ciwon kan ya ƙi sauka, ka sauko ƙasa, kada ka daure.

Da rana akwai ɗumi, da asuba ruwa na iya daskarewa a gora. Sa kaya hawa uku: na ciki mai tsotse gumi, rigar ulu, sai mai tare iska. Shadda da auduga suna riƙe gumi, sanyi ya shige ka.

Kilishin Agege kuma a bar shi gida. Kwastan ɗin Amurka ba sa barin irin wannan nama ya shiga.