Yadda za ka je ka ga tsohon cocin ginin ƙasa na Wusasa daga Gusau

Mutanenmu na Gusau da yawa sun yi karatu a Samaru ko suna kai mara lafiya Shika, amma ka tambayi mutum ko ya taɓa leƙa Wusasa da ke gefen Zariya sai ya ce a'a, alhali wurin nan kusa ne kuma akwai ginin da ya kamata duk Bahaushe ya gani, musulmi ne shi ko kirista. Cocin St Bartholomew na Angilikan nake nufi, wanda aka gina da ƙasa tun 1929.

Maganar hanya tukun. Ka shiga mota da safe, wanga ba shawara ba ce kawai, kowa ya san halin da hanyar Tsafe ke ciki, kada ka bari yamma ta riske ka. Za ka bi Kwatarkwashi, Tsafe, Yankara, Funtua, Giwa, Shika, Samaru, ka sauka Kwangila. Daga nan keke ko mashin zuwa Dan Magaji sai ka ce Wusasa, duk ɗan acaɓa ya san wurin. Dutsen Kufena za ka riƙa hangowa, to ka iso ke nan.

In ka isa kada ka faɗa ciki da waya a hannu kana ɗaukar bidiyo. Ka nemi mai gadi ko wani dattijo ka yi sallama, "Baba ina wuni, daga Gusau na zo ganin tsohon coci", shi zai haɗa ka da Rabaran ko katikis, wato malamin coci, su za su ba ka izini su ce ma ga inda za ka ɗauki hoto ga inda ba a so. Hausa za a yi maka, Hausar Zazzau tsantsa, don mutanen Wusasa da yawa Hausawa da Fulani ne da kakanninsu suka karɓi addinin kirista. In ginin kawai kake son gani ka zo tsakiyar mako, ran Lahadi ana sujada ba za ka samu sukunin zagayawa ba.

To in an buɗe maka, ɗaga kai. Abin da ya kawo ka yana sama. Bakan gizo ne irin na soron sarakunanmu da tsofaffin masallatai, azara aka jera aka lanƙwasa aka yaɓe da ƙasa har ta ɗauki nauyin rufi, babu rodi babu siminti a asalin aikin. Ka dafa bangon ka ji kaurinsa, ka lura da sanyin da ke ciki ko da rana ta take a waje, wanda duk ya kwana a ɗakin kwano watan Afrilu a Gusau zai gane abin da nake faɗi. Abin na burge ni ƙwarai, turawan mishan ne suka kawo addinin amma hannun maginanmu ne ya ɗaga ginin, kuma ga shi yana neman shekara 100 a tsaye yayin da mu muke rushe sorayen kakanninmu muna dasa bulo da ba ya kai shekara 20 bai tsage ba. Ka zagaya ta baya ma ka duba gindin bango da inda ruwa ke sauka, ginin ƙasa ta nan yake fara ciwo, in kana da tsohon soro a gida ka tambaye su yadda suke kula da nasu kafin damina.

Tarihin kuma ka riƙe shi kaɗan don hira ta yi daɗi. Dakta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta Angilikan da ake kira CMS cikin birnin Zariya ya fara zama tun 1905, daga baya aka dawo da mishan ɗin Wusasa a 1929, Miller ne kuma ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da ta fito a 1932. Nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, nan Farfesa Ishaya Audu ya yi makaranta, shi ne ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), haka Dakta R.A.B. Dikko likitan farko daga Arewa, shi ma a wannan mishan ya yi makaranta.

In da sauran lokaci ka taka zuwa asibitin St Luke da kwalejin Kufena, ka bi gefen gonaki wajen duwatsu, da damina wurin kore shar. Maƙabarta kuwa sai da izini kuma kada ka taka kabari. Wanda ya zagaya da kai ka ba shi na goro, sannan ka kwana Zariya ka kamo hanyar Gusau washegari da hantsi.