Laƙabin tebur da ORM ke raɗawa, inda muke yawan tuntuɓe

Makon jiya wani ƙanena da muke aiki tare nan Jidda ya turo min hoton allon kwamfutarsa wajen ƙarfe ɗaya na dare, wai "Yaya don Allah duba min, kod ɗin nan jiya lafiya lau yake, yau ya ƙi." Manhajar masu hidimar alhazai da 'yan Umara muke yi, ga azumi ya matso, kun dai san yadda aiki ke cakuɗewa a wannan lokacin. Ina dubawa na ga T2 zaune a tsakiyar kod ɗinsa, nace shi ke nan, ga ɓarawon.

Teburinmu na alhazai a rumbun bayanai yana da ginshiƙin muharrami_id, shi kuma muharramin ai alhaji ne a cikin wannan teburin dai. Da Django muke aiki, tsarin gina manhaja na Python, ORM ɗinta kuma shi ne sashen da ke rubuta mana SQL, yaren da ake yi wa rumbu tambaya. Duk sanda ka nemi Django ta haɗa tebur da kansa dole ta raɗa wa na biyun wani suna, sai ta kira shi T2. Shi yaron ya ga T2 a kwerin da ta fitar, wato tambayar SQL ɗin da ta aika wa rumbu, ya ɗauka sunan yanka ne, ya je ya rubuta T2.shekaru > 60 da hannu a cikin extra, ƙofar da Django ta bari ta cusa SQL kai tsaye. Washegari wani ya ƙara tacewa ta otal a gabansa, lambar ta matsa ta koma T3, PostgreSQL, rumbun bayananmu, ta ce missing FROM-clause entry, ba ta san wani t2 ba. Lambar nan ƙirga take yi kawai, tebur na nawa ne ya shigo kwerin. Gyaran bai kai minti biyu ba, muharrami__shekaru__gt=60, a bar ta ta sa laƙabinta da kanta. Ko takardun Django ɗin ma sun ce extra sai in babu yadda za a yi.

Masu Java kar ku yi dariya. ORM ɗinku Hibernate 5 alhaji0_ take rubutawa, da Hibernate 6 ta fito a 2022 sai ya koma a1_0, duk wanda ya maƙale tsohon sunan a wani gutsuren SQL ko a gwajinsa, ranar da ya hau Spring Boot 3, mai zuwa da Hibernate 6, ya ji a jikinsa.

Amma wanda ya fi ban tsoro a wurina shi ne wanda baya kuka, kwerin ya tafi lafiya ya dawo da ƙarya. Alhaji ɗaya yana biyan kuɗi kashi-kashi, kana neman waɗanda suka biya sama da riyal 5000 a wata na tara. In ka sa sharuɗɗan biyu a filter ɗaya, layin biya ɗaya ne zai cika su duka. In ka raba su, filter sannan wani filter a bayansa, Django sai ta sake jawo teburin biya karo na biyu da laƙabin T3, ma'anar ta canza gaba ɗaya, wanda ya biya 6000 a wata na biyu sannan ya kawo riyal 200 a wata na tara shi ma ya shigo, layuka su ninku, in ka ɗora Sum a kai kuɗi su kumbura, akawu ya zo yana tambayarka ina sauran. Mutane da sun ga suna ya fito sau biyu sai su watsa distinct mai cire maimaici su wuce, wallahi wannan rufe tukunya ne da wuta a ƙasa. Ka buga kwerin ka ƙirga JOIN, wato haɗin tebur, nawa ne, in ka ga T da lamba a inda baka zata ba, to an haɗa tebur sau biyu.

A SQLAlchemy kuma, wata ORM ta Python, kai ne zaka ce aliased(Alhaji) in zaka haɗa tebur da kansa, in ka manta rumbun MySQL ta jefo maka kuskure mai lamba 1066, Not unique table/alias. Ni har name="muharrami" nake ba shi, don alhazai_1 da alhazai_2 ba sa gaya min komai in ina karanta log da asuba.

Sai maganar tsawo, wannan ta shafe mu nan Saudiyya sosai. PostgreSQL bayit 63 take ɗauka a suna, abin da ya haura ta datse shi, ba ta tsayar da aiki. Bayit fa nace, ba harafi ba. Harafin Larabci bayit biyu ne a UTF-8, haka ma ƙ da ɗ namu, don haka abokan aikinmu masu son rubuta sunan ginshiƙi da Larabci harafi 31 kawai gare su. Sequelize kuma, ORM ta masu JavaScript, jera sunaye take yi, Alhazai->Dakuna->Otal, in ka yi zurfi uku huɗu sai wutsiyar ta gutsure, bayanin yana nan a rumbu amma ya zo maka fanko, ko laƙabi biyu su zama iri ɗaya bayan datsewa. Akwai minifyAliases da zaka kunna, ko ka ba dangantakar gajeren suna da as. Masu tsohuwar Oracle kafin 12.2 su bayit 30 ne ma, amma ita aƙalla tana ihu da ORA-00972.

Wani abu da na gaya wa ƙanen nan kafin in kwanta, print(qs.query) yana nuna laƙabin daidai amma baya sa alamar zance a jikin rubutu, in ka kwafa kai tsaye zuwa psql, inda ake buga wa PostgreSQL umarni da hannu, zai iya ƙi, kar ka ce ORM ce ta lalace. Ya ce to Yaya, sannan ya turo min wani fayil ɗin, U0, laƙabin da Django ke raɗawa a kwerin cikin kweri, har guda huɗu a ciki da hannu. Nace wannan sai bayan sallar asuba.