Zuwa ga ƙannena masu harka a Kebbi: yadda za ka ci, ka motsa jiki, ka san doka

Ni namiji ne mai son maza, a Birnin Kebbi aka haife ni, a nan nake sana'ata. Samari irina nake wa wannan rubutu, na Argungu da Jega da Yauri da Zuru, waɗanda ba su da babban da za su tambaya. Abin da ya fi damuna da ku shi ne yadda tsoro ke cinye jikin mutum tun kafin wata cuta ta same shi. Yaro ɗan shekara ashirin da biyu, barcinsa bai kai awa huɗu ba, karin kumallonsa lemon kwalba da biredi, da dare ya haɗiyi tiramadol don ya daina tunani. Ba ka da iko da bakin mutane, ƙanena, dokar ƙasa ma ba a hannunka take ba. Amma kwanon abincinka da ƙafafunka da zuwanka asibiti suna hannunka, daga nan za mu fara.

Abinci

Allah Ya yi mana arziki a jihar nan, ba sai ka sayi garin gina jiki na gwangwani da ake tallatawa a Instagram ba. Mai son tsoka ta ginu yana bukatar wajen giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. In kilonka 60 ne, kusan giram 100 ke nan. Ƙwai ɗaya na ba ka giram 6. Busasshen wake giram 100 ya haura giram 20, gyaɗa ma haka, waken suya da ake awara da shi ya fi su duka. Ga kifin Argungu da na Yauri, ɗanye da banda, ga ƙuli-ƙuli, ga nonon da Fulani ke kawowa kullum safe.

Ga yadda nake tsara nawa. Da safe ƙosai ko alale da kunun gyaɗa, sukari kaɗan. Da rana shinkafa da wake, amma waken ya kai rabin kwano, kada ya zama 'yan ƙwayoyi da ake nema da cokali. A yanka albasa da tumatir a kai, man kuma cokali ɗaya ya isa. Da la'asar kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli, wanda a ganina babu abincin da ya kai shi amfani a kan kuɗinsa a duk kasuwar garin nan. Da dare tuwon dawa ko na gero, malmala ɗaya, miyar kuka ko kuɓewa da kifi. Furar gero da nono abinci ce ta ƙwarai, sai dai ka ce wa mai damawa ta rage sukari.

Abu biyu za ka yi faɗa da su: gishiri da zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba, kuma dunƙulen da ake marmasawa a miya da yajin tsire duk suna cikin lissafin. Lemon kwalba na rabin lita yana ɗauke da sukari wajen giram 50. Hawan jini ba ya sallama, kuma mai rayuwa cikin fargaba ya riga ya ɗora wa zuciyarsa kaya.

Sai maganin ƙiba. Na san yadda ake son cikar jiki da hasken fata a tsakaninmu, na kuma san ƙwayoyin da ake haɗawa a kemis ba tare da takardar likita ba. Da yawansu akwai dexamethasone a ciki. Kumatu su ciko, ka ɗauka ƙiba ce, alhali ruwa ne da kitse. Tana ta da sukarin jini, tana raunana ƙashi, tana karya garkuwar jiki. In ka daɗe kana sha, kada ka yanke rana ɗaya, je likita ya rage maka a hankali. Man bilicin ma wasu na ɗauke da irin wannan sinadari.

Motsa jiki

Ma'aunin da likitoci suka yarda da shi shi ne minti 150 zuwa 300 na motsi mai sa haki a mako, da kwana biyu na aikin ƙarfi. Minti talatin sau biyar ya biya. Lokacin da ya fi dacewa a garinmu shi ne bayan asuba, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40. Fara da tafiya mai sauri na mako biyu kafin ka shiga sassarfa. A hunturu, ranar da ƙura ta yi yawa, yi naka a tsakar gida. A watan azumi kuwa, bari sai bayan shan ruwa da kamar awa ɗaya.

Aikin ƙarfi bai bukatar gidan motsa jiki. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce cif. Cika biyu rabi-rabi, ɗauki ɗaya a kowane hannu, yi tafiya daga ƙofar gida zuwa bakin rijiya ka dawo, bayanka a miƙe, kafaɗa ba ta karkata ba. Rungumi ɗaya a ƙirji ka tsuguna ka tashi sau goma, diddige a ƙasa. Kifa ciki ka dafa ƙasa da tafuka ka ture jikinka sama. Samu reshe mai ƙwari ka ja jikinka har haɓa ta wuce shi. Kowanne zagaye uku, kana hutawa minti ɗaya a tsakani, kana ƙara ruwan jarkar kaɗan duk bayan mako biyu. In gwiwa ko kafaɗa ta yi suka mai tsini, tsaya; gajiyar tsoka daban, ciwon gaɓa daban.

Ina kuma ba ka shawarar shiga ƙwallon unguwa ko 'yan gudun safe na wajen filin wasa na Haliru Abdu. Kaɗaici na kashe mu a hankali, kuma awa ɗaya cikin mutane kana zufa kana dariya magani ne. Babu wanda ya wajaba ka faɗa wa sirrinka don kun buga ƙwallo tare.

Asibiti

A nan ne na fi jin zafi. Binciken gwamnati na 2018 ya nuna masu ɗauke da ƙanjamau a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 49, kashi 1.4 ne cikin ɗari. A tsakanin maza masu neman maza kuwa, binciken 2020 ya samu wajen mutum ɗaya cikin huɗu. Ka je a gwada ka duk wata uku zuwa shida. In an samu cutar, maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma mai shansa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a awon jini ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. In ba a samu ba, tambayi maganin rigakafi da ake kira PrEP. In kuma wani abu ya faru ba kariya, ko aka yi maka fin ƙarfi, akwai maganin gaggawa da ake kira PEP: a fara cikin awa 72, a sha kwana 28. Kada ka haɗa kwaroron roba da basilin ko man kwakwa, mai na cinye robar. Nemi man da aka yi da ruwa. Ka sa a duba maka ciwon hanta nau'in B, in ba ka da shi ka karɓi allurar, sau uku ake yi.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin asibiti riƙe sirrin majinyaci, wata dokar ta shekarar kuma ta hana tsangwamar masu ƙanjamau. Na san rubutu daban, halin wasu ma'aikata daban. In ka ga ido ko habaici, sauya asibiti, amma kada ka daina zuwa.

Doka da siyasa

Dole ka san ƙasar da kake takawa. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi: ɗaurin shekara 14 ga wanda ya yi auren, shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya shiga ƙungiya ko ya nuna soyayyar a fili. Kundin laifuffuka na Arewa dama ya tanadi shekara 14 a kan saduwar namiji da namiji. Zamfara ta fara aiki da shari'a a 2000 zamanin Ahmad Sani Yarima, Kebbi ta bi sahu, kuma a kundin jihohin nan hukuncin na iya kaiwa rajamu.

Ra'ayina a kan dokar 2014 a fili yake. Babu wanda ya zo yana neman a ɗaura masa aure a Najeriya; abin da dokar ta haifar shi ne kasuwar masu karɓar kuɗi da barazana, da korar marasa lafiya daga asibiti. Wani bincike da aka yi a Abuja, aka buga a 2015, ya nuna tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a tsakanin maza irinmu bayan sa hannun. Wannan cutarwa ce ga kowa, har da matan da aka aurar wa da yawanmu. Masu cewa Turawa ne kaɗai ke wannan magana su dubi Afirka ta Kudu, Mozambik a 2015, Botswana a 2019, Angola a 2021, duk sun cire hukuncin. Hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka ma ta fitar da ƙuduri mai lamba 275 a 2014, tana kiran gwamnatoci su hana duka da kisa a kan wannan dalili. Ba na jayayya da malamai a nan. Tsakanina da Ubangijina ne. Abin da nake nema shi ne kada a doki mutum a titi, kada a hana shi magani.

Kafin ranar da za a samu haka ta zo, ka tsare kanka. Mafi yawan bala'in da na gani daga waya ya faro: baƙon da ya matsa ku haɗu yau-yau, a ɗakin da shi ya zaɓa, ka shiga ka tarar da mutum huɗu. Kada ka tura hoto mai fuskarka. Haɗuwar farko ta zama da rana, a cikin jama'a, kuma amini ɗaya ya san inda ka nufa da lokacin dawowarka. In an kama ka, sashe na 35 na tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya, kuma dole a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Wata doka ta 2017 ta haramta azabtarwa. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, kada ka ambaci sunan kowa. Hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya da hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa na karɓar koke. Haddace lambar mutum ɗaya da zai iya nemo maka lauya, a kanka, domin wayar ita za su fara karɓewa.