Darasi na 7: Yadda za a hana gora mamaye lambun gida

Gora 'yar uwar rake da dawa ce, dukkansu dangin ciyawa ne. Ku dubi jikinta, za ku ga gaɓa-gaɓa kamar kara. Da ita ake yin tsani da darni da rufin rumfa, awaki kuma suna cin ganyenta. Shi ya sa wasu ke dasa ta a bayan gida. Amma idan aka sake mata, sai ta cinye wurin yakuwa da alayyafo.

Ƙarfin gora a ƙarƙashin ƙasa yake. Tana da wata saiwa mai kauri, mai gaɓoɓi, wadda ke kwance kusa da fuskar ƙasa, galibi ba ta wuce zurfin ƙafa 1 ba. Daga idanun wannan saiwa sabon tsiro ke fitowa. Don haka wanda ya sare gora daga sama da adda aski kawai ya yi mata. Da ruwa ya sauka za ta dawo.

Gora iri 2 ce. Irin tamu ta bakin rafi a dunƙule take girma, tana faɗaɗa kaɗan-kaɗan kowace damina. Akwai kuma wadda asalinta daga Sin da Japan ne, mai saiwa mai gudu, wadda kan ratsa ƙarƙashin katanga ta ɓullo a gidan maƙwabci. Ku tambayi mai sayar da dashe wace iri ce kafin ku biya.

Ga aikin. A haƙa rami kewaye da gindin, zurfin ƙafa 1, faɗin ƙafa 1, a bar shi a buɗe ko a cika shi da yashi. Farkon damina da ƙarshenta a duba. Duk saiwar da ta leƙo cikin ramin a datse ta da gatari, a ciro guntun gaba ɗaya. Kada a jefa shi a juji, domin zai iya kamawa a can. A shanya shi a rana ya bushe ƙayau.

Mai saiwa mai gudu kuwa, rami kaɗai bai cika isar ta ba. A binne roba mai kauri a tsaye, zurfin ƙafa 2 ko fiye, bakinta ya ɗan fito sama da ƙasa, don a ga saiwar da ke son tsallakewa.

Sabon tsiro yana da taushi, ƙafa ma tana karya shi. Wanda ya fito inda ba a so, a karya shi tun yana ƙarami. Kuma don Allah kada a dasa gora jikin katangar laka, ko kusa da masai da bututun ruwa.

Aikin gida: auna tazarar da ke tsakanin gorar gidanku da katanga, ku rubuta adadin ƙafafun a littafinku.