Darasi: Abin da jinin mai ciki yake faɗa

Da zarar mace ta ga ɓatan wata, lokacin fara awo ya yi. Ba sai ciki ya fito ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara zuwa kafin ciki ya wuce mako 12, kuma tun 2016 take ba da shawarar a je sau 8 kafin haihuwa.

A zuwan farko, ma'aikaciyar jinya za ta ɗaure miki damtse da roba, ta ɗebi jini a 'yan ƙananan kwalabe. Wasu mata kan ji tsoron za a rage musu jini. Kada ki damu, ɗan kaɗan ne, jiki zai mayar da shi.

Duba katinki, ki nemi inda aka rubuta Hb. Wannan shi ne ma'aunin yawan jini. Idan lambar ba ta kai 11 ba, akwai ƙarancin jini. Idan ba ta kai 7 ba, abin ya yi tsanani. Ƙarancin jini kan jawo haihuwar bakwaini ko jariri ɗan tsurut, kuma zubar jini wajen haihuwa ya fi yi wa irin wannan uwa illa. Shi ya sa ake ba da ƙwayar ƙarin jini da folik asid a sha kullum. Ƙwayar takan sa bayan gida ya yi baƙi. Ba ciwo ba ne, kada ki daina sha.

Ana kuma duba rukunin jini. Wadda aka sa wa alamar ragi a gefen nata, tana iya buƙatar allurar Anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa, don kare cikin da zai biyo baya. Haka ake gwada cutar ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere, domin idan an gano su da wuri ana iya hana su kama jariri.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, jinin nan yana ba da labarin shekaru masu zuwa. Macen da suga ya hau mata lokacin goyon ciki, yawanci yakan sauka bayan ta haihu, sai kowa ya manta. Amma ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da ciwon suga nan gaba, ɗanta ma ya fi fuskantar ƙiba da suga idan ya girma. Ya kamata a sake gwada ta kafin wata 3 da haihuwa, sannan a riƙa yi lokaci-lokaci ko da tana jin garau.

A wasu asibitoci, tsakanin mako 11 da 13 ana auna wani sinadari da mabiyiya ke fitarwa, mai suna PAPP-A. Idan ya yi ƙasa, ana sa ido, don hawan jini mai kai wa ga jijjiga ya fi samun irin waɗannan mata. Alama ce kawai, da yawa sukan haihu lafiya. Wadda kuwa ta yi wannan hawan jini, sai ta riƙa auna hawan jininta har tsufa saboda ciwon zuciya. Don haka kada katin awo ya ɓace bayan haihuwa.

Aiki: Ki karanta lambar Hb da ke katinki ko na 'yar'uwarki, ki rubuta ta a littafinki. Ta kai 11?