Kurakuran Sababbin Ɗalibai a Aikin Barbarar Tumatir

Duk shekara sai an turo mini ɗaliban digiri na biyu masu zumuɗin fitar da sabon irin tumatir, kuma ramin da na taɓa faɗawa shi suke faɗawa. Bakina ya gaji, bari in rubuta.

Babbar masifa ita ce alama. Ina ɗalibi na kwashe rani guda ina barbara, kullum da sassafe a tsugune da hantsaki, ina rubuta sunan uwa da uba da alƙalamin maka a jikin 'yar roba. Kafin 'ya'yan su nuna, rana da ban-ruwa sun cinye rubutun tas. Ga tumatir jajawur, amma ban san ɗan wa da wa ba ne. Malamina ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "To, sai a kai gida a yi miya." Shekara guda ta bi ruwa. Tun ranar ba na yarda da komai sai fensir, kuma ba na barin gona sai na kwafe komai a littafi, har da lambar kunya. Wanda ya ce mini "Malam, ai na ɗauka a waya", ko kallonsa ba na yi.

Sai jinkirin cire namijin fure. Tumatir kansa yake yi wa barbara, idan ka bari furen ya buɗe ya yi rawaya shar, aikin gama ya gama. Kwana ɗaya ko biyu kafin buɗewarsa ake cirewa. Ranar da zuriyar farko ta fito sak uwarta za ka san ka makara.

Ga kuma masu zaɓen iri cikin hunturu kaɗai. Haba! Wane tumatir ne ba ya kyau a Kadawa a watan Janairu? Ku jira Afrilu, zafi ya haura digiri 35, fure ya fara kakkaɓewa, sannan ku nuna mini gwaninku.

Kyan zuriyar farko kada ya ruɗe ku: a ta biyu halaye ke warwatsewa, sai wajen ta shida ko bakwai iri ke zaunawa.

Ni ba na sa hannu a tsarin binciken ɗalibi sai ya wuni a kasuwar Kwanar Gafan, ya ji daga bakin dillalai wane tumatir ne ke kai Legas cikin kwando bai fashe ba.