Zaɓen na'urar nuna hanya kafin doguwar tafiya daga Birnin Kebbi

Abin da ya kamata mai mota ya fara dubawa a na'urar nuna hanya shi ne taswirar da ke cikinta, domin siginar GPS kyauta take zuwa daga taurarin ɗan'adam na Amurka, kuma ba ta buƙatar data ko layin waya. Motoci da dama da ake shigowa da su na hannu suna zuwa da allon taswira a gaban direba, amma taswirar ƙasar da aka fara sayar da motar ce a ciki, shi ya sa mota za ta tsaya a tsakiyar Jega allon yana nuna fili fetal babu titi ko ɗaya. Na'urorin Garmin da TomTom da aka sayo daga Turai ma sukan zo da wannan matsala. Saboda haka kafin ka biya kuɗi, ka sa mai shago ya fito da ita waje ya kunna, tunda rufin kwano yana tare sigina, sannan ka nemi Koko, Bunza, Kamba da Zuru. Wadda ta kasa gano waɗannan garuruwa ba za ta kai ka Kontagora ba, komai kyan allonta.

A ganina, wayar da ke aljihunka ta fi yawancin waɗannan na'urori amfani, muddin ka shirya ta tun daga gida. Google Maps yana ba da damar sauke taswirar yankin da za ka bi, ta yadda ko sabis ya ɗauke tsakanin Koko da Yauri zai ci gaba da yi maka jagora, sai dai ba zai nuna cunkoso ba. Yana da kyau ka ƙara da manhajar OsmAnd ko Organic Maps, waɗanda ke aiki da wata taswira daban mai suna OpenStreetMap, domin ƙauyen da ɗaya ta rasa wani lokaci yana cikin ɗayar.

Zafi ne babban abokin gabar waya a nan. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan wuce digiri 40, kuma wayar da aka manna a gilashin gaba tana caji tana nuna hanya ba ta jimawa take dusashe haskenta ko ta tsaya cak. Ka nemi mariƙin da ake maƙalawa a bakin iskar na'urar sanyaya mota, da caja mai ƙarfi, ka kuma ƙara muryar jagorar domin idonka ya tsaya a kan titi.

Wajen rubuta suna a kula: Yelwa, wadda aka fi kira Yauri, daban take da Birnin Yauri, kuma Tunga da Sabon Gari ba su ƙirguwa, don haka a duba ƙaramar hukuma kafin a tashi.

Na'ura lissafin nisa da lokaci kawai take yi. Ba ta san inda ruwan fadama ya shafe hanya da damina ba, ba ta kuma san hanyar da direbobi suka daina bi bayan la'asar saboda tsaro ba, musamman ta wajen Zuru da iyakar Zamfara. Ka biya tasha da safe ka nuna wa direbobin layin hanyar da ta zaɓa maka. Idan suka ce a bi ta babban titi, sai ka sanya garuruwan da suka ambata a matsayin zango ɗaya bayan ɗaya, domin kada ta karkatar da kai zuwa yanke.